Hawan jinin hanta: Ƙananan kumfa da ke nuna wa likita abin da awon hannu ba ya gani

A makon farko da aka tura mu, ɗaliban fannin ɗaukar hoton asibiti, koyon aiki a ɗakin sikanin, an gangaro da wani saurayi a keken marasa lafiya. Shekarunsa ba za su wuce namu ba. Manomin shinkafa ne, kuma tun yana yaro yake shiga ruwan magudanar noman rani. Kwana biyu kafin nan ya yi aman jini mai yawa har ya suma. Mahaifinsa na tsaye a gefe yana maimaita magana ɗaya: "Likita, an fa auna shi a ƙauye, an ce ba shi da hawan jini."

Likitan ya shafa wa yaron man sikanin a ciki, ya ɗora na'urar, ya juyo da allon wajenmu. Saifarsa ta kumbura har ta gangaro kusa da cibiya. A cikin hantar kuma ga wasu fararen layuka masu kauri sun kewaye jijiyoyin jini. Sai ya dubi dattijon ya ce: "Baba, gaskiya suka faɗa maka, a hannu babu. Nasa a hanta yake."

A littafi mun riga mun karanta cutar, amma ranar muka fara ganinta a jikin sa'anmu. Abin da ya sa ke nan muka ga ya dace mu kawo wa ƙannenmu na sakandare bayaninta, tare da wata dabara ta zamani da ake amfani da ita wajen ganin yadda jini ke ratsa hanta, dabarar da tushenta yana cikin fizis da bayolojin da kuke yi a aji.

Hanta da ƙofofinta biyu

Hantar babban mutum tana da nauyin kusan kilo 1.5, kuma a kowane minti jinin da ya kai kusan lita 1.5 yana bi ta cikinta, wato kusan kashi ɗaya cikin huɗu na duk abin da zuciya ke turawa. Yawancin gaɓoɓin jiki ta hanya ɗaya jini ke shigo musu. Hanta kuwa hanya biyu gare ta. Ta farko jijiya ce da ke kawo jini daga babbar jijiyar zuciya kai tsaye, kuma ita ke kawo kusan kashi 25 cikin 100. Ta biyu, wadda za mu kira jijiyar ƙofa, ita ce ke tattaro jinin da ya fito daga hanji, tumbi da saifa, ta kawo sauran kashi 75 ɗin.

Dalilin wannan tsari shi ne duk abin da ka ci, tuwo ne ko magani, idan hanji ya tsotse shi sai ya bi ta hanta an tace shi kafin ya wuce sauran jiki. Bayan an gama tacewa, jinin yana fita ta wasu jijiyoyi uku da ke saman hanta ya koma zuciya.

Jinin jijiyar ƙofa a hankali yake tafiya, ba ya buƙatar ƙarfi. Awon da ake yi mana a hannu yakan nuna kamar 120 bisa 80. A wannan ma'aunin, bambancin matsi tsakanin jinin da ke shiga hanta ta jijiyar ƙofa da wanda ke fita bai wuce 1 zuwa 5 ba a jikin mai lafiya. Idan ya haura 5 an shiga hawan jinin hanta. Idan ya kai 10, matsaloli na iya fara bayyana. Daga 12 zuwa sama kuwa haɗarin zubar jini ya ƙaru sosai. Na'urar da ake ɗaura wa mutum a dantse ba ta san da wannan lissafi ba sam.

Idan hanya ta toshe

Duk wanda ya taɓa zama a unguwar da kwatarta ta cushe da leda ya san abin da ke faruwa da damina. Ruwa ba ya tsayawa, sai ya nemi wata hanyar, ko da ta cikin gidajen mutane ce. Haka jini yake yi idan hanta ta yi tauri. Sai ya koma baya ya cika saifa ta kumbura. Ruwa ya fara taruwa a ciki. Sannan jinin ya kutsa cikin wasu ƙananan jijiyoyi da ke ƙasan bututun da abinci ke bi zuwa tumbi. Waɗannan jijiyoyin ba a halicce su don ɗaukar kaya mai yawa ba, don haka suke kumbura, bangonsu ya yi siriri, wata rana ɗaya ta fashe. Shi ne aman jinin da ya kawo saurayin nan asibiti. Wani kuma ba zai yi amai ba, sai dai ya ga bayan gidansa ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta.

A ƙasashen Turai da Amurka yawan shan giya da kitsen hanta su ne kan gaba wajen jawo wannan tauri. A yankinmu akwai wasu manyan dalilai biyu da ya kamata kowane ɗalibi ya sani.

Na farko shi ne ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da shi a duniya. Ƙwayar cutar tana iya zama shekara da shekaru a jiki ba tare da wata alama ba, tana yi wa hanta rauni, rauni na warkewa da tabo, har tabon ya mamaye ta. Jaririn da ya kamu tun a haihuwa, kusan tara cikin goma cutar na zama tare da su har girma.

Na biyu shi ne tsargiya. Yawancinmu fitsarin jini muka san ta da shi, amma akwai nau'inta da ke zama a jijiyoyin hanji. Tsutsar tana fitowa daga jikin wani ƙaramin dodon koɗi na ruwa, ta huda fatar mai wanka ko mai aikin gona ta shige. Idan ta girma sai ta riƙa zuba ƙwai, jini ya kwashe su zuwa hanta, su maƙale a rassan jijiyar ƙofa. Jiki ya kewaye su da tabo, tabon ya shaƙe jijiyoyin. Wani likitan Jamus, Theodor Bilharz, shi ya gano tsutsar a Alƙahira a 1851. A 1904 kuma William Symmers ya bayyana irin wannan farin tabon a hantar marasa lafiya a Masar. Fararen layukan da muka gani a allo ranar nan su ne abin da ya bayyana.

Gani da sauti

Na'urar sikanin ba ta amfani da haske ko hasken eksire. Sauti take aikawa. Kunnen ɗan Adam yana jin sautin da ke girgiza sau 20 zuwa 20,000 a daƙiƙa. Na sikanin ciki yana girgiza sau miliyan 2 zuwa miliyan 5. Yana tafiya cikin naman jiki da gudun kusan mita 1,540 a daƙiƙa, ya daki wata gaɓa ya dawo, kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya. Daga lokacin da ya ɗauka kafin ya dawo, kwamfuta ke lissafa zurfin wurin ta zana hoto. Dabarar jemage ce cikin duhu. Likitan mata Ian Donald da abokan aikinsa a Gilasgo ta Sukotlan suna cikin waɗanda suka fara nuna amfaninta a asibiti, a rahoton da suka fitar a 1958.

Akwai kuma wata ƙa'ida da Christian Doppler ya bayyana a 1842. Ku lura da jiniyar motar asibiti: idan tana tunkaro ku muryarta siririya ce, tana wucewa sai ta yi kauri. Da wannan ne na'ura ke gane ko jini na tafiya ko ya tsaya, da gudunsa, da inda ya dosa. A hantar da ta yi tauri, gudun jinin jijiyar ƙofa yana raguwa. Idan abin ya tsananta har juyawa yake yi, ya riƙa fita daga hanta maimakon shiga.

Wani abin alfahari a nan: ƙa'idojin da masu bincike ke bi wajen tantance ɓarnar tsargiya a hanta da sikanin, a Yamai ta Jamhuriyar Nijar aka tsara su, a wani taron ƙwararru na Hukumar Lafiya ta Duniya a 1996. Ana kwatanta hoton mara lafiya da wasu zane-zane masu harafi A zuwa F, daga hanta lafiyayya zuwa wadda tabo ya ci. Har yau da sunan Yamai ake kiran tsarin.

Sai dai sikanin na yau da kullum yana da iyaka. Jini ba ya mayar da sauti sosai, shi ya sa jijiyoyi ke fitowa baƙi a allo. Ƙananan jijiyoyin da ke can cikin naman hanta, inda jini ke tafiyar hawainiya, ba a ganin motsinsu.

Labarin kumfa

A 1968, wasu likitoci biyu a Jami'ar Rochesta ta Amurka, Raymond Gramiak da Pravin Shah, suna sikanin zuciya sai suka lura cewa duk lokacin da aka ɗura wa mara lafiya wani ruwa a jijiya, wani farin gajimare yana bayyana a allo. Daga baya aka tabbatar cewa ƙananan kumfar iska ne da ke cikin ruwan. Iska tana mayar da sauti fiye da jini nesa ba kusa ba.

Matsalar ita ce kumfar iska ba ta jimawa, cikin ƴan daƙiƙu ta narke, kuma ba ta iya ratsa huhu ta isa sauran jiki. Masana sun shafe shekaru kafin su samar da kumfa mai ɗorewa: a sa mata wata iskar da ba ta saurin narkewa a jini, a lulluɓe ta da ɓawon maiƙo mai laushi. SonoVue na kamfanin Bracco na Italiya ya samu izini a Turai a 2001, kuma a 2016 Amurka ta amince a yi amfani da shi wajen hoton hanta da sunan Lumason. Japan ta fara amfani da Sonazoid a 2007.

Faɗin kowace kumfa kusan maikuromita 2 zuwa 3 ne. Ƙwayar jan jini tana da 7 zuwa 8. Saboda haka duk inda jini ya shiga kumfa za ta bi shi, ba tare da ta toshe ko da mafi ƙanƙantar jijiya ba. Abin da ake ɗurawa bai wuce rabin ƙaramin cokali ba. Bayan ƴan mintuna kumfar ta fashe, iskar ta fita ta numfashi. Ba ta bi ta ƙoda, don haka ana iya yi wa mai ciwon ƙoda wanda ruwan hoton siti-sikan zai iya cutarwa. A kan samu wanda jikinsa zai ƙi ta da tsanani, ko da yake hakan ba ya yawan faruwa, shi ya sa ba a yin gwajin sai inda akwai kayan ceto a kusa.

Sirrin aikin yana cikin yadda kumfa ke amsa sauti. Idan sautin na'ura ya dake ta sai ta riƙa tsukewa tana buɗewa, sau miliyoyi a daƙiƙa. Amma buɗewar ta fi tsukewar sauƙi, don haka amsar da take mayarwa ba daidai take da sautin da aka aika ba, tana haɗe da wasu muryoyi na daban. Naman jiki kuwa, idan aka rage ƙarfin na'ura, kusan abin da aka aika masa shi yake mayarwa. Sai kwamfuta ta share amsar naman ta bar ta kumfa kaɗai. Allo ya yi duhu, jini kawai ke haske.

Agogo a hannu

Mu dai a bidiyon da malaminmu ya nuna mana a aji muka fara ganin gwajin, domin maganin yana da tsada kuma ba kowace na'ura ke iya aikin ba. Ana ɗura kumfar a jijiyar hannu, a danna agogo. Daƙiƙa 10 zuwa 20 allo na nan duhu. Sai rassan jijiyar da ke zuwa daga zuciya su haska kamar walƙiya. Wajen daƙiƙa 30 zuwa 45 jijiyar ƙofa ta cika, domin jininta sai da ya zaga ta hanji da saifa tukuna, sannan hantar gaba ɗaya ta yi haske. Bayan minti biyu an shiga zango na ƙarshe, hasken ya riƙa dusashewa a hankali.

Wani ɗan ajinmu ya yi hasashen cewa a hanta mai tauri kumfa za ta makara kafin ta fito ta ɗaya gefen, tunda hanya ta ƙuntata. Kusan dukkanmu muka yarda da shi. Ashe akasin haka ne. A 1999, Thomas Albrecht da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith da ke Landan suka wallafa a mujallar The Lancet cewa a jikin masu taurin hanta kumfar tana isa jijiyoyin fita kafin daƙiƙa 24, alhali a jikin masu lafiya takan ɗauki lokaci fiye da haka sosai.

Dalili biyu ne. Idan jinin jijiyar ƙofa ya ragu, jijiyar da ke zuwa daga zuciya tana ƙara nata don cike giɓi, ita kuwa dama ta fi sauri. Sannan a cikin hanta mai tabo wasu hanyoyin yanke suna buɗewa, jini ya tsallake wurin tacewa ya wuce, kamar ɗan acaɓan da ya ga cunkoso a titi ya bi lungu. Saurin isowar kumfa a nan alamar lalacewa ce.

Kumfar tana amsa wasu tambayoyin kuma. Idan aka ga wani abu ya toshe jijiyar ƙofa, gudan jini ne ko kansa ce ta kutsa ciki? Gudan jini ba shi da jijiyoyin kansa, don haka yana zama baƙi. Kansa tana da su, sai ta haska. Haka ma ƙulli a cikin hanta: irin yadda ya ɗauki haske da yadda ya sake shi yana taimaka wa likita gane ko na haɗari ne.

Kumfa da kalangu

Hanyar da aka fi amincewa da ita wajen auna matsin jinin hanta ba mai sauƙi ba ce. Ana zura siririn bututu ta jijiyar wuya, ya bi ta gefen dama na zuciya ya sauka cikin jijiyar hanta, a hura ƙaramin balan-balan a bakinsa a ɗauki awo. Aiki ne da ke buƙatar ƙwararru da kayan aiki masu tsada.

Shi ya sa masu bincike a Jami'ar Thomas Jefferson da ke Filadelfiya, ƙarƙashin Flemming Forsberg, suke gwada sa kumfar ta zama ma'auni. Ku tuna makaɗin kalangu: idan ya matse tsirkiya a hammata muryar gangar ta canza, idan ya saki ta koma. Kumfa ma idan jinin da ke kewaye da ita ya matse ta, ɗaya daga cikin muryoyinta, mai rabin girgizar sautin da aka aika, tana canza ƙarfi. Idan aka kwatanta wannan murya a jijiyar ƙofa da a jijiyar fita, za a iya ƙiyasta bambancin matsin ba tare da an huda wuyan kowa ba. Har yanzu ana kan gwaji, bai zama aikin yau da kullum ba.

Kada kuma mu ɗauka kumfa ta gama komai. Lokacin isowarta yana iya bambanta saboda ƙarfin bugun zuciya, saurin ɗura maganin, da nau'in na'ura. Ba ta maye gurbin kyamarar da ake zurawa ta baki a duba jijiyoyin da suka kumbura ba. Sannan yawancin binciken a kan masu taurin hanta na giya ko ciwon hanta aka yi shi. A tsargiya toshewar tana rassan jijiyar ƙofa, kafin jini ya isa wurin tacewa, har ma awon bututun wuya yana iya nuna daidai alhali matsin ya hau. Wannan fili ne da ke jiran masu bincike daga ƙasashen da cutar take, kuma ba abin da zai hana su fito daga cikinku.

Abin da ke hannunmu

Saurayin da muka fara da labarinsa an ƙara masa jini, aka ɗaure jijiyoyin da suka kumbura da ƴan zobban roba ta hanyar kyamara, aka ɗora shi kan maganin rage matsin jijiyar ƙofa, aka ba shi na kashe tsutsa. Ya fita da ƙafarsa, amma zai ci gaba da zuwa asibiti, domin tabon da ya daɗe ba ya gushewa gaba ɗaya. Da ya samu maganin tsargiya tun yana firamare, da wuya abin ya kai haka.

Idan an zo makarantarku rabon maganin tsargiya, wato furazikwantel, ku ci abinci ku sha shi, kada ku jefa ta taga. Ku rage wanka da iyo a kududdufi, tafki da magudanar noman rani, kada kuma a yi fitsari ko bayan gida a cikinsu, domin ta haka ƙwan ke komawa ruwa. Ku nemi iyayenku su kai ku gwajin ciwon hanta nau'in B, wanda ba shi da ita a yi masa rigakafi. Nijeriya ta sa wannan rigakafin cikin alluran yara tun 2004, kuma allurar farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta, don haka idan an yi haihuwa a gidanku ku tuna wa manya. Kada ku yi tarayyar reza, aska ko abin yankan farce da kowa. Wanda aka ce yana da ciwon hanta ya guji giya da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba. Wanda kuma ya yi aman jini ko baƙin bayan gida, a kai shi asibiti a wannan lokacin, ko da dare ne, ko da awon hannu ya nuna lafiya lau.